Zauren Masu Karatu: Fili, Gini da Zaman Unguwa a Garuruwan Adar

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a kan gida suke, galibinsu daga ƙananan garuruwan jihar Tahoua, ko daga 'ya'yan Adar da ke bida a waje. Magina, masu aikin takardun filaye da malaman rabon gado ne suka haɗu suka amsa. Sunaye mun cire, kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan wani gari ne kusa da Illela, shekarata tara ina bida a Abijan. Ƙanena ya samo mini fili a bakin gari, mita 20 a kan 20. Mai shi ya ce gonar ubansa ce ya yanka, takarda ɗaya gare shi ta hannun mai gari. In aiko kuɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna.

Fili iri biyu ne a garuruwanmu. Akwai wanda meri, wato ofishin magajin gari, ta yanka da taswira, ta fitar da tituna, kowane da lambarsa, ana ba mai shi takardar da ake kira acte de cession. Akwai kuma na gargajiya, irin wannan da aka nuna wa ƙanenka. Na gargajiya ba haramun ba ne: dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta yarda da mallakar gargajiya, kuma a ƙarƙashinta aka kafa kwamitocin filaye, Cofob a gari wanda mai gari ke shugabanta, Cofocom a matakin komin, wato ƙaramar hukuma. Amma takardar da ke hannun mutumin nan shaida ce cewa shi ko gidansu ke riƙe da wurin. Ba ta ce komai a kanka ba. Abin da kake bukata takardar sayarwa ce, da sunanka daidai yadda yake a katin ɗan ƙasa, da girman filin, da sunayen masu iyaka, da hannun shaidu, a kuma kai ta Cofocom a shigar da ita littafi. Sunanka muka ce, ba sunan ƙanenka ba. Shi mai amana ne, ba mu musa ba, amma rai na Allah ne, kuma 'ya'yansa abin da takarda ta faɗa za su gada.

Kalmar da ta fi tsaya mana a wasiƙarka ita ce "gonar ubansa". Uban yana raye? In yana raye, shi zai sa hannu. In ya rasu, an raba gado? Rikicin fili sau da yawa daga nan yake tasowa: babban wa ya sayar, bayan shekara biyar ƙanwar da ke aure a Birnin Ƙonni ta zo ta ce ba da saninta ba, kuma gaskiya gare ta. Kowane magaji, namiji da mace, ya sa hannu ko ya wakilta a rubuce.

Ranar awo a kira masu iyaka na gabas, yamma, kudu da arewa, su tsaya da ƙafarsu. A auna da mita, ba da taki ba. A kafa turakun siminti a kusurwa huɗu nan take, don dutse da kututture yara da shanu suna gusar da su. Ƙanenka ya shiga meri ya tambayi abu biyu: ko wurin yana cikin taswirar da za a yanka nan gaba, da ko an keɓe shi don makaranta, kasuwa ko makabarta. In meri ta zo yanka daga baya, titi ba ya kauce wa katangar kowa. Sannan a tabbata ba burtali ba ne. Dokar makiyaya ta 2010 ta sa hanyoyin dabbobi cikin dukiyar ƙasa, ko wa ya sayar maka banza ya yi.

Saura ruwa, wanda ba ya cikin kowace takarda. Filin bakin gari mai araha sau da yawa hanyar korama ce da ta yi shekaru ba ta cika ba. A tambayi tsofaffin unguwar inda ruwa ya kwanta a damanar 2024. A duba ƙasar: in baƙar laka ce mai tsagewa da rani, ko kuma yashi mai laushi da ya bi layi ɗaya yana gangarawa, ruwa ya san wurin.

Ka biya kashi biyu, rabi ranar sa hannu, rabi ranar da takarda ta fito daga Cofocom.

Tambaya: Ina Libiya, ina aikowa gida Madawa ana yi mini ɗaki biyu, kowane mita 4 a kan 4. An ce mini siminti tan 9 ya shiga, kuma ko yaɓe ba a fara ba. Anya?

Amsa: Malam, bari mu buga lissafin tare, ka riƙe shi.

Ɗaki biyu manne da juna, da bangon tsakiya, tsawon bango duka mita 28 ne. In tsayi mita 3 ne, ka sami murabba'in mita 84. Cire ƙofa biyu da taga biyu, saura kamar 78. Bulo mai tsawon santimita 40 da tsayin 20 yana cin 12 da rabi a kowane murabba'i, wato kusan 975, ka ce 1,050 saboda fashewa. Buhu ɗaya na kilo 50 ya kamata ya ba da bulo 30 zuwa 35 na mai rami, mai kaurin santimita 15. Buhu 30 ke nan. Ɗora bulon zai ci kamar buhu 20. Tushe, da shimfiɗar kankare ta ƙasa da layi uku na bulo marar rami, kamar buhu 16. Ginshiƙi 6 da ɗaurin kankare na ƙasa da na sama, wanda magina ke kira shenaj, sun ɗan haura kubik 2, kowane kubik buhu 7, buhu 15 ke nan. Haɗa duka: kusan buhu 80. Tan ɗaya buhu 20 ne, saboda haka tan 4 ya isa ya kai ginin ga rufi. Yaɓe ciki da waje zai ƙara buhu 16 zuwa 18, daɓen ƙasa kamar 14. Gama-gari tan 5 da rabi zuwa 6.

Tan 9 ba yaɓe, da sauran bayani. Amma kar ka fara da kiran ɗan'uwanka ɓarawo a waya. Tambayi ko an haɗa da katanga, ko an gina ramin masai, ko ƙasar ta tilasta a zurfafa tushe. Katangar fili mai 20 a kan 20, tsayin mita 2, ita kaɗai tana cin bulo kusan 2,000. Akwai kuma asarar da ba sata ba ce: simintin da aka ajiye a ƙasa, ya sha raɓa ko damshin damana, ya daskare. A ɗora shi a kan katako, a rufe da leda, kar a saye shi fiye da na wata ɗaya. Maganar kuɗi kuma, gwamnati ta rage farashin siminti a Oktoban 2024, kuma ku da ke kusa da masana'antar Malbaza bai kamata kuɗin mota ya yi muku nauyi ba. Ka nemi farashin ranar daga bakin 'yan kasuwa biyu.

Abin da ya fi ba mu tsoro ba yawan siminti ba ne, ƙarancinsa ne. Mai buga bulo da ake biya a kan yawan abin da ya buga zai fitar da 50 daga buhu ɗaya, ya yi kyau a ido, ka murza da yatsa ya zube. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ɗaga bulo daidai ƙugu a sake shi a ƙasa mai tauri. Mai kyau gefe kawai zai ɓantare, marar kyau zai watse. Kuma a shayar da shi ruwa safe da yamma kwana 7, don a zafin Adar bulon da ba a shayar ba ƙonewa yake yi, ba bushewa ba. Kankare kuwa buhu ɗaya, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa.

Ƙarfe: sanda huɗu na lamba 10, wato mai kaurin milimita 10, a kowane ginshiƙi da kowane shenaj, kusan sanda 30 masu tsawon mita 12, da kamar sanda 20 na lamba 6 na zobe, zobe ɗaya kowane santimita 20. Nan ake cuta, domin da an zuba kankare ido ba ya sake gani. Ka ce a aiko maka hoton ƙarfe a ɗaure kafin zubi, da mita a jikinsa. Kuɗi kuma kar ka aiko shi dunƙule. Tushe, a nuna, ka biya. Bango, a nuna, ka biya. Mai sayen kaya daban, magini daban.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Keita. Gidanmu na laka ne, bara muka yi masa yaɓen siminti don mu huta da yaɓen kowace shekara. Bana sai ga shi yana ɓarewa falle-falle, ƙasan bangon ya jiƙe. Magini ne bai iya ba?

Amsa: Malama, ko magini ya iya, siminti da laka ba sa zaman aure. Laka tana kumbura in ta sha damshi, ta koma in ta bushe. Siminti ba ya motsi. Damana ɗaya ta isa su rabu, a sami sarari tsakaninsu. Ruwa ya shiga ta tsaga ko ya hau daga ƙasa, simintin ya hana shi fita, bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali waje yana sheƙi. Gara ma ta sami inuwa.

Ki sa a ƙwanƙwasa bangon da ƙotar guduma. Duk inda ya yi amo kamar ganga a ɓare shi, a bar lakar ta sha iska har tsakiyar rani. Daga nan zaɓi biyu ne. Ko a koma yaɓen gargajiya, laka da dusa ko yankakkiyar ciyawa da kashin shanu, a kwaɓa a bar shi ya ruɓa kwanaki kafin a shafa. Ko kuma, in dole sai siminti, a kafa wayar kaji da dogayen ƙusoshi a jikin bangon tukuna, kwaɓin kuma kar ya yi ƙarfi. Mu na farkon muka fi so, sai dai a bangon gabas da ruwa ke duka.

Amma gyaran gaske yana ƙasa da sama. Ku mutanen Keita Allah ya hore muku dutse. A yi wa gindin bango dakali na dutse da siminti, tsayin santimita 40 zuwa 50, a gangarar da ƙasa ta yadda ruwa zai guje wa bango, ba ya kwanta a jikinsa ba. A sama, indararo ya fito aƙalla rabin mita daga bango, a share shi tun watan Mayu, a sa dutse inda ruwan ke faɗowa don kar ya haƙe gindi. Wani kuskure da ke kashe mutane: kowace shekara a hau soro a ƙara ƙasa ba a kwashe tsohuwa ba. Bayan shekara goma rufin ya ninka nauyi, ya sha ruwan dare ɗaya, azarar da gara ta riga ta ci ta karye. Ki ɗaga kai ki duba. In azara ta lanƙwashe a tsakiya, ko gari yana zubowa daga jikinta, kar a kwana a ɗakin da damana sai an tokare ta ko an canza.

Kar kuma kowa ya ce miki laka ce matsalar. Masallacin Yama da ke yankin Illela, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, da laka aka yi shi, har ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Ɗakin laka ya fi na bulo da kwano sanyi a watan Afrilu nesa ba kusa ba. Kula yake so kowace shekara, kamar gona.

Tambaya: Maƙwabcina ya yi sabon gini, ya cika gidansa da ƙasa ya fi nawa tudu, indararonsa biyu suna zuba a kan katangata. Ruwan wankinsu ma ta gindinta yake bi. Shekararmu ashirin tare, ba na son kai ƙara.

Amsa: Baba, ka yi daidai da ba ka son ƙara, amma shiru ma ba zai tsai da katanga ba. Haƙƙi yana wurinka. Hadisi ya ce ba cuta ba cutarwa, kuma a kansa malaman Malikiyya suka hana mutum ya juya ruwan gidansa kan ginin maƙwabci, ko ya buɗe tagar da ke leƙa tsakar gidansa.

Je ka same shi kai kaɗai, bayan sallar asuba ko isha, ba a gaban iyali ba, kuma ka je da maganin a hannu, ba da laifin kaɗai ba. Maganin ba tsada: a sa wa kowane indararo gwiwa da bututun roba mai faɗin santimita 10, ya sauko jikin bangonsa, ya bi ta cikin gidansa ya fita titi. Ruwan wanki a haƙa masa rami, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a cika da dutse, a rufe, nesa da kowane bango da kamar mita 3. In ka ce za ka ɗauki kuɗin bututu ɗaya, maganar za ta fi saurin shiga. Kuɗin bututu bai kai na bulo ɗari biyu da za ka saya in katanga ta faɗi ba.

In bai ji ba, liman ko wani dattijo da yake jin kunya. In bai ji ba, mai unguwa, sannan sarki. Doka ta ba sarakuna ikon sulhu a irin wannan, kuma abin da aka daidaita a kai a rubuta shi, kowa ya riƙi kofi. Mutane suna jin nauyin cewa a rubuta, wai kamar rashin yarda ne. Ku biyu kun yarda da juna. 'Ya'yanku ne ba su halarci zaman ba.

Tun da ana maganar katanga: wadda ke tsakanin gida biyu a san mai ita. In mutum ɗaya ya gina ta cikin filinsa, ɗayan ba zai ɗora mata rufi ba sai da izini. Hadisi ya kwaɗaitar da a bar maƙwabci ya kafa itacensa a bango, amma a mazhabar Malik kyautatawa ce, ba tilas ba. Masai kuma kar ya kusanci rijiya, taka ko ta maƙwabci, ƙasa da mita 15. In wuri ya ba da dama a kai 30.

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu a Buza, ya bar mahaifiyarmu, mu maza uku, mata biyu, da gida ɗaya. Yayanmu yana son ya sayar da rabonsa ga wani ɗan kasuwa. Tsohuwa tana cikin gidan. Yaya za mu yi?

Amsa: Allah ya jiƙansa. Bayan an biya bashi, an fitar da wasiyya in akwai, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma in iyayen mamacin ba sa raye, rabon haka yake: mahaifiyarku tumuni, wato ɗaya cikin takwas. Sauran a kasa shi takwas, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Misali in an yi wa gidan kuɗi sefa miliyan 8, tsohuwa miliyan 1, kowane namiji 1,750,000, kowace mace 875,000.

Yayanku yana da ikon sayar da rabonsa, amma tun da ba a raba gidan ba kuna da shufu'a: ko ya sayar wa bare, abokan tarayya suna iya biyan kuɗin da baren ya biya su karɓe. A Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, ba na maƙwabci ba, kuma wanda yake gari, ya sani, ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi. Saboda haka kar ku tsaya fushi. Ku kira magina biyu ko uku da ba dangi ba su yi wa gidan kuɗi, ku ɗauki tsakiya, ku haɗa ku biya shi, ko da kashi-kashi ne a gaban shaidu. In wani cikinku ya gina ɗaki a gidan da kuɗinsa, kuma akwai shaida, a yi wa ginin kuɗi daban kafin rabo. Wannan shi ke raba zumunci in an bar shi a duhu.

Ta wajen hukuma, ku yi zaman iyali a tabbatar da shi a kotu, a fitar da takardar magada, sannan a canza sunan da ke takardar gidan. Gidan da ya shekara talatin da sunan mamaci, ranar da jikoki ashirin suka tashi rabo ba mai iya warware shi.

Tambaya: Ma'aikacin lafiya ne ni, daga Yamai aka kawo ni, na sayi gida a wani ƙaramin gari. Wata shida ke nan, gaisuwa kawai ke haɗa ni da mutane.

Amsa: Likita, ɗan haya baƙo ne, ana yi masa uzuri. Wanda ya sayi gida ya zama ɗan unguwa, kuma ana ƙirga masa. Ɗauki goro ka je wurin mai unguwa da liman, ka gabatar da kanka, ko da ka makara. Jana'iza ta fi biki nauyi a nan: in ka ji sanarwa kana gari, ka bi gawa har makabarta, ka zauna zaman makoki ko na rabin awa. Ɗaurin aure da suna da sassafe ake yi, kafin lokacin aikinka. In an zo karɓar kuɗin gyaran famfo ko cike kwazazzabon titi, ka bayar daidai da na tsaranka, kar ka ninka har ka zama abin nuni. Uwargida ta aika wa gidajen da ke manne da ku abinci ranar Juma'a, kwanon ba zai dawo wayam ba.

Kuma ka sa dakali ko benci a ƙofar gida, ka dasa bedi, wato dogon yaro, ɗaya nesa da bango da mita 3 don kar saiwa ta ɗaga maka tushe. Tun ba ta yi inuwa ba za ka ga masu zama.